Shirin jarrabawar tsaron bayanai daga Khartum da Omdurman

A watan Fabrairun 2024 layukan Zain da MTN da Sudani suka ɗauke a kusan duk faɗin Sudan. Mazauna Khartum da Omdurman da ke karɓar tallafin 'yan uwa ta manhajar Bankak suka wayi gari ga kuɗi a asusu, ba halin taɓawa. Ba sata aka yi ba, amma a wurin masanin tsaron bayanai ɓaraka ce babba, domin ƙafa uku tsaro ke tsayuwa a kai: a rufe sirri, kada a jirkita bayani, sannan mai shi ya same shi sa'ad da yake buƙata. Ta ukun ce ta karye.

Matashin da ya ga wannan da idonsa ya riga ya fara karatun CISSP, shaidar ƙwarewar da ƙungiyar ISC2 ke bayarwa tun 1994. Fannoninta 8 ne, tambayoyi 100 zuwa 150 cikin awa 3, kuma sai an ci maki 700 cikin 1000. Ana neman gogewar aiki ta shekara 5, digiri na rage shekara ɗaya. Wanda ya ci alhali bai cika sharaɗin ba, ana ba shi shekara 6 ya cike.

Inda mutanenmu suka fi tuntuɓe shi ne hadda. Mun taso da ita, kuma tana da amfani wajen riƙe sunayen hanyoyin ɓoye rubutu, sai dai wannan jarrabawa hukunci take nema. Za a jero maka amsa huɗu, biyu ko uku duk daidai, a ce zaɓi wadda ta fi. Gobara ta tashi a ɗakin manyan na'urori, me za ka fara yi? Injiniya zai ruga ceton bayanai. Amsar da ake so ita ce a fitar da mutane tukuna. Saboda haka bayan kowace tambayar gwaji, ka tsaya ka gano dalilin da ya kayar da sauran ukun. A ganina wannan ya fi sake bitar littafi.

Sabon shiga kuwa gara ya soma da Security+ ta CompTIA, mai minti 90.

CISSP ba a zana ta daga gida, sai a cibiyar Pearson VUE. Tun da yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya tarwatsa mutanen babban birnin, ka fara tabbatar da cibiyar da za ka iya kaiwa, ko da Alƙahira ce, kafin ka biya kuɗin rajista.