Idan Tsoho Ya Faɗi

Tsofaffinmu ba sa son ɗora wa kowa nauyi. Shi ya sa Baba zai zame a banɗaki wajen alwalar asuba, ya ce "ba komai, ɗan targaɗe ne", iyali kuma su yarda. Kada a yi saurin yarda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce faɗuwa na kashe kusan mutum 684,000 a shekara, kuma waɗanda suka haura shekara 60 ne abin ya fi shafa.

Ƙashi yana raguwa da tsufa, musamman ga mata bayan daina al'ada, har faɗuwa daga tsaye kan iya karya ƙashin ƙugu. Idan tsoho ya kasa taka ƙafa, ko ƙafar ta gajarce ta juya waje, kada a ja ta, kada a tilasta masa miƙewa. A kai shi asibiti a kwance a ɗauki hoton ƙashi. Wannan karaya tana can ciki, tsoka ta lulluɓe ta, karan mai ɗori ba ya kai mata. Tiyata take buƙata, cikin kwana ɗaya ko biyu in da hali, kuma asibitoci irin na ƙashi da ke Dala a Kano suna yin ta. Abin da ya fi karayar haɗari shi ne doguwar kwanciya: gyambo a baya, ciwon huhu, jini ya daskare a jijiyar ƙafa. Don haka likitoci kan tayar da majinyaci tsaye tun washegarin aiki. Tausayi kan sa iyali su hana, alhali tashin shi ne maganin.

Bugun kai ya fi ɓoyewa. Jini kan riƙa tsattsafowa a hankali cikin ƙoƙon kai, musamman ga mai shan maganin tsinka jini kamar asfirin ko warfarin. Sai bayan makonni a ga Inna tana ruɗewa, tana yawan barci, kai na ciwo, ɓari ɗaya ya yi sanyi. A nan ake cewa rikicin tsufa ne, a zauna. A kai ta a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa; sau da yawa ƙaramar huda ce za a yi a zuƙe jinin, hankalinta ya dawo.

Maganin ciwo kuma a bar wa likita ya zaɓa. Diclofenac da ibuprofen da ake saye a kemis suna iya taɓa ƙodar tsoho, su sa cikinsa zubar jini.