Bunƙasar Finafinan Zane na Japan da Dalilan Karɓuwarsu ga Matasa

Gabatarwa

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu bi diddigin yadda finafinan zane mai motsi na ƙasar Japan, waɗanda ake kira anime, suka mamaye zukatan matasan duniya. Ra'ayinmu shi ne, kyan zane kaɗai bai isa ya bayyana wannan karɓuwa ba. Tilas a duba tsarin labarin da hanyoyin yaɗa shi.

Mafari

A ranar 1 ga Janairu, 1963, gidan talabijin na Fuji ya soma nuna Tetsuwan Atomu na Osamu Tezuka, wanda aka sani a waje da Astro Boy. Shiri ne na rabin sa'a kowane mako, ga shi kuwa kuɗi da ma'aikata sun yi ƙaranci. Fim yana tafiya da hoto 24 a daƙiƙa guda, amma masu zanen suka taƙaita ga zane 8 ko ƙasa da haka, suna maimaita tsofaffin zane, wani lokaci baki kawai ke motsi. Da yake motsi ya ragu, sai nauyin riƙe mai kallo ya koma kan labari.

Tsarin Labari

Yawancin fitattun shirye-shiryen daga manga aka ɗauko su, wato labaran zane da ake bugawa kashi-kashi. Mujallar Shonen Jump, wadda aka kafa a 1968, takan nemi ra'ayin masu karatu, labarin da bai samu karɓuwa ba a dakatar da shi. A cikinta aka soma Dragon Ball a 1984, One Piece a 1997, da Naruto a 1999. Abin lura a nan shi ne, jarumin yana girma tare da mai kallo. Naruto maraya ne da mutanen garinsu suka ƙyamata. Kafin labarin ya ƙare a 2014 ya zama shugabansu, har da iyali. Wannan ya bambanta da Tom and Jerry, inda kyanwa da ɓera ba sa tsufa. Matashin da ke fafutukar neman matsayi yakan ga kansa a irin wannan jarumi.

Hanyoyin Yaɗuwa

Da farko talabijin ne ya yi jigilar su: a 1978 Faransa ta nuna Goldorak, ƙasashen Larabawa kuma suka san Captain Tsubasa da sunan Kyaftin Majid. Daga baya intanet ta rage jira. Kafar Crunchyroll, da aka kafa a 2006, takan saki sabon kashi da fassara jim kaɗan bayan nuna shi a Japan. Cikin finafinan da aka saki a 2020, fim ɗin Demon Slayer ne ya fi kowanne kawo kuɗi a duniya.

Kammalawa

Abubuwa biyu muke jan hankalin mahalarta a kansu. Na farko, ba kowane zane aka yi don yara ba. Wasu na ɗauke da zubar da jini da batsa, iyaye kuwa sukan sakankance da zarar sun ga zane. Na biyu, muddin mu malaman adabi muka ɗauki fannin wasan yara, to za mu jahilci labaran da ke gina tunanin ɗalibanmu. Ya kamata mu nazarce su kamar yadda muke nazarin tatsuniya da ƙagaggen labari.