Gadon launin doki a wasan kiwo: inda lissafi ke aiki da inda yake tsayawa

A wasannin kiwon dawaki na intanet, irin su Horse Reality, ɗan wasa ba ya rufe ido ya haɗa ingarma da goɗiya yana jiran sa'a. Kowace dabba na ɗauke da ƙwayoyin gado da aka kwaikwayo daga kimiyya, kuma kuɗin wasan da aka biya na barbara ba sa dawowa idan duƙushin ya fito da launin da ba a so. Ma'aikacin da ke buɗe bargarsa a waya bayan an tashi daga ofis zai rage asara idan ya san ƙa'idojin, waɗanda ba su da yawa.

Ƙwayoyi biyu ne tushe. Ta farko, wadda ake yi wa alama da harafin E, ita ke ba jiki damar yin baƙin gashi. Masu bincike a Suwidin ne suka gano a 1996 cewa sauyi a cikinta ke haifar da jan doki. Wanda ya gaji ƙaramar e daga uwa da uba ja ne daga geza har wutsiya, saboda haka jajaye biyu ba sa haifar komai sai ja. Ta biyu, Aguti, wadda masu bincike a Faransa suka fayyace a 2001, ita ke raba baƙin: ko ta tura shi ƙafafu da geza da wutsiya jiki ya zauna ja, ko kuma, idan ba ta aiki, doki ya fito akawal.

A nan sababbin 'yan wasa ke shan mamaki. Akawal biyu na iya haifar ja, sau ɗaya cikin 4, muddin kowannensu na ɓoye da ƙaramar e. Shi kuwa jan doki ba ya nuna irin Agutin da ke jikinsa, sai a 'ya'yansa asirin ke tonuwa. Wannan ne dalilin da ya sa biyan kuɗin gwaji kafin barbara ya fi araha a kan yin nadama bayanta.

Ƙwayar da ke dusar da launi ta fi kowace daɗin lissafi. Kwafi ɗaya na mayar da ja ya koma ruwan zinariya mai farar geza, wato falomino. Kwafi biyu na ba da doki mai ruwan madara da shuɗayen idanu, kusa da abin da masu dawaki a ƙasar Hausa ke kira gunya. Wanda ya haɗa falomino biyu, kashi 50 cikin 100 kawai zai samu irinsu. Sauran su rabu biyu tsakanin ja da ruwan madara. Gwani ba ya bin wannan hanya. Ja yake haɗawa da mai ruwan madara, kowane duƙushi ya fito falomino.

Kili kuma ba fari ake haifar sa ba. Yakan zo da duhun gashi, furfura ta riƙa cin sa shekara bayan shekara, kuma kwafi ɗaya ya isa ya rufe duk launin da ke ƙasa. An gano musabbabin hakan a 2008, tare da alaƙarsa da ƙarin fata da ke yawan kama tsofaffin dawaki masu wannan launi.

Akwai wurin da lamarin ya wuce ado. Wani nau'in dabbare-dabbaren fari, idan duƙushi ya gaje shi ta ɓangarori biyu, yakan zo fari fat da hanjin da ba ya aiki, ya mutu cikin 'yan kwanaki. Haɗa masu ɗauke da shi biyu na nufin kashi 25 cikin 100 na wannan asara. Wasan da ya saka wannan doka ya kyauta, domin darasi ne da makiyaya na gaske suka koya da tsada.

Sai dai duk wannan tsari na ƙarewa ne idan aka zo kan zurfin launi. Jajaye biyu masu alamomi iri ɗaya a takardar gwaji, ɗaya na iya zama haske kamar jan ƙasa, ɗayan ya yi duhu kamar hanta. Gwajin da dakunan bincike ke sayarwa ba ya raba su. Ana ganin ƙwayoyi da dama ne ke haɗuwa, ga kuma rana da abinci da ke sauya gashi daga damina zuwa rani. Dole mai tsara wasa ya cike giɓin da dokar kansa, ko ta wata ɓoyayyiyar lamba da ake gada daga iyaye, ko ta ƙuri'a. Abin da ɗan wasa ya gano game da duhu da haske, dokar wannan wasan ce kaɗai, ba ta bin sa zuwa wani wasan, balle barga ta gaske. Hanyar gane ta ita ce ajiye bayanin kowace haihuwa, a duba ko masu duhu na ci gaba da haifar masu duhu bayan zuriya uku ko huɗu.