Gulbin Rima: Inda Koguna Uku Suka Gamu A Ƙasar Gobir

Ɗalibin da ya buɗe taswira yana neman mafarin Gulbin Rima zai sha wuya, domin kuwa babu wani dutse ko marmaro guda da za a nuna a ce daga nan ya ɓuɓɓugo. Koguna uku ne suka haife shi, kuma a ƙasar Isa da Sabon Birni suke gamuwa.

Biyu daga kudu suke zuwa. Gagare ya ratso ta Ƙaura Namoda. Bunsuru kuwa ya kwaso ruwan Karaduwa daga yankin Dutsin-Ma cikin Jihar Katsina, ya bi ta ƙasar Zurmi, sa'an nan su biyun suka haɗe kusa da Isa.

Na ukun shi ne mai ban mamaki. Ya taso ne daga ƙasar Katsina da sunan Gada, ya wuce Jibiya, ya tsallaka Jamhuriyar Nijar, inda ake kiransa Gulbin Maraɗi. Can ya shayar da fadamun Madarumfa da Maraɗi da Tsibiri da Gidan Runji, kana ya juyo Nijeriya ya faɗa Rima a wajen Sabon Birni. Da damina kaɗai yake gudu. Da rani sai rairayi, amma danshin da ya bari shi ne jarin mai noman rani. Ba banza ba sarakunan Gobir suka kafa Alƙalawa a bakin wannan kwari, har zuwa faɗuwarta a 1808.

Daga nan Rima ya karkata kudu maso yamma, ta Goronyo da Wurno, ya haɗu da Gulbin Sakkwato, suka nufi Argungu, har Kogin Kwara.

Abin da ya kamata ma'aikatan gona su lura da shi shi ne, manomin Isa da Sabon Birni ba ya da iko da ruwan da yake dogara da shi. Madatsar Zobe, wadda aka gama a 1983, tana tare Karaduwa. Ta Jibiya kuma tana tare Gada. Madatsar Goronyo ta 1984 tana ƙasa da su, saboda haka ruwanta ba ya komowa gonakinsu. Nijeriya da Nijar sun sa hannu a yarjejeniyar Maiduguri a 1990 kan rabon ruwan kogunan da suka yi tarayya a kansu, har da Gada, amma buɗe ƙofofin madatsar Jibiya yana hannun hukumomin da ke can sama.