Ruwan Kokwamba a Lokacin Bazara: Amfaninsa da Inda Ake Yin Kuskure

Duk wanda ya san Maiha ya san yadda watannin Maris da Afrilu suke. Tun hantsi rana take buɗe wuta, duwatsun da suka raba mu da Kamaru su ɗau zafi, rijiyoyi su ja baya. Mai zuwa kasuwar Mubi, da mai kiwo, da ɗan acaɓa, da matar da ke tsaye gaban murhu, kowa gumi yake zubarwa. A 'yan shekarun nan ma azumi ya faɗo cikin wannan zafi. Shi ya sa ruwan kokwamba ya samu karɓuwa a gidaje, musamman wajen buɗe-baki. Abin sha ne mai kyau kuma mai araha, amma akwai abubuwan da ya kamata a sani kafin a kai shi baki.

Kokwamba kusan duk jikinta ruwa ne, wajen kashi 95 cikin 100. Idan aka yanka ta cikin ruwa, ƙamshinta da ɗanɗanonta ne suke fita, sinadaran gina jiki kuwa yawancinsu suna nan cikin yankan. Babban amfanin wannan haɗi shi ne yana sa mutum ya sha ruwa da yawa ba tare da ya gundure shi ba, kuma yana rage shan lemon kwalba mai cike da sukari. Wanda yake son cikakken amfanin kokwambar, sai ya cinye yankan bayan ya sha ruwan.

Haɗa shi ba wuya. A nemi kokwamba mai tauri, wadda ba ta yi laushi ko tabo ba. Idan babu, gurji ma yana yi. A wanke hannu da sabulu, a wanke wuƙa da faranti, sannan a cuɗa kokwambar sosai da ruwa mai tsabta. In ana shakkar inda ta fito, a fere bayanta. A yanka rabinta siriri-siriri a zuba cikin ruwa lita ɗaya, a rufe, a bar shi awa ɗaya zuwa biyu a wuri mai sanyi. Mai so yana iya ƙara ganyen na'a-na'a da aka wanke, ko yankan lemon tsami, ko 'yar ɗanyar citta. Ba a sa sukari. Wanda ba shi da firji, ko wutar lantarki ta ƙi zuwa, sai ya zuba a gora mai murfi ya tsoma ta cikin randa, ko ya naɗe ta da jiƙaƙƙen tsumma ya ajiye inda iska ke kaɗawa. Kada a zuba yankan kai tsaye cikin randar da duk gida ke sha, domin za su lalata ruwan.

Inda gizo ke saƙar shi ne ruwan kansa. Mutanen wannan yanki ba su manta da watan Mayu na 2018 ba, lokacin da cutar kwalara ta ɓarke a Mubi ta Arewa da Mubi ta Kudu, ta kuma taɓa Maiha da Hong. An yi asarar rayuka, kuma gurɓataccen ruwa ne babbar hanyar yaɗuwar wannan cuta. Kokwamba ba ta kashe ƙwayoyin cuta, haka ma ɗan lemon tsamin da ake matsawa bai isa a dogara da shi ba. Ruwa yana iya yin garau a ido alhali yana ɗauke da kwalara ko taifot. Saboda haka ruwan rafi, da na buɗaɗɗiyar rijiya, da na 'yan garuwa wanda ba a san inda aka ɗebo shi ba, a tafasa shi har ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, a bar shi ya huce a rufe. Ko kuma a sa masa maganin tsabtace ruwa irin su WaterGuard ko Aquatabs bisa ƙa'idar da ke jikin kwalin, a jira minti 30. Sai bayan nan a zuba kokwamba. Ƙanƙarar da ake sayowa ma abin lura ce, domin sanyi ba ya kashe ƙwayar cuta. Gara a sanyaya gorar daga waje a kan a fasa ƙanƙarar a ciki.

Kayan lambun ma suna da nasu hatsarin. Ana noma su a fadama da taki, a yi ban-ruwa da ruwan da ya samu, sannan su bi ta hannaye da yawa a kasuwa. Kuma da zarar an yanka kokwamba, zafi yana saurin lalata ta. Ruwan da ya wuce kamar awa huɗu a waje ba sanyi, a zubar. Na firji kuwa a cire yankan bayan kwana ɗaya, a shanye ruwan kafin kwana biyu. In ya yi yauƙi, ko ya canja wari, ko kokwambar ta yi ɗaci sosai, a zubar, kada a yi masa kallon asara.

Sai kuma maganganun da ke yawo a Facebook da WhatsApp, wai ruwan kokwamba yana wanke ƙoda, yana narkar da tumbi, yana maganin hawan jini da ciwon sukari. Wannan zuƙi-ta-malle ce. Aikin tace dattin jiki na hanta ne da ƙoda, ruwa taimaka musu kawai yake yi, da kokwamba ko babu. Duk wanda ya ajiye maganin da likita ya ba shi ya koma wa wannan ruwa, to garin neman gira zai rasa ido. Masu ciwon ƙoda ko na zuciya da aka ƙayyade musu yawan ruwan sha, su tsaya a kan abin da aka ce musu.

Haka kuma ruwan kokwamba ba ya maye gurbin ruwan gishiri da sukari. Mai gudawa ko amai yana zubar da ruwa da gishirin jiki tare, ruwan kokwamba kuwa ba zai mayar da gishirin ba. A ba shi haɗin da ake samu a leda a asibiti ko kemis, a dama shi yadda aka rubuta. In babu, a zuba sukari ƙaramin cokali shida da gishiri rabin ƙaramin cokali, duk a shafe ba a tula ba, cikin tafasasshen ruwa lita ɗaya, a riƙa ba shi a kan hanyar zuwa asibiti. Jariri da bai kai wata shida ba kuwa, nonon uwa ya ishe shi komai zafin gari, ba a ba shi wannan ruwa.

Jiki yana faɗin lokacin da ruwa ya yi masa ƙaranci: fitsari ya ragu ya yi duhu, baki ya bushe, kai ya yi ciwo, jiri ya ɗebi mutum. A yaro kuwa ido yana zurmawa, maɗiga ta faɗa, ya yi kuka ba hawaye. Tsofaffi sau da yawa ba sa jin ƙishi ko da jikinsu yana bukata, don haka a riƙa miƙa musu ruwa ba sai sun tambaya ba. Wanda ya fara ruɗewa ko ya suma a rana, a kai shi inuwa, a jiƙa masa jiki, a garzaya da shi asibiti mafi kusa.

Iyaye mata da masu sayar da abin sha, amanar lafiyar jama'a tana hannunku. Ku tsabtace ruwan tukuna, ku wanke kokwambar, ku haɗa daidai abin da za a shanye a ranar.