Tsarin kai hari na ƙungiyar Kano Pillars

Tsarin kai hari shi ne yadda mai horar da ƙungiyar ƙwallon ƙafa yake jera 'yan wasansa na gaba da na tsakiya, da aikin da yake ɗora wa kowannensu, domin ƙwallo ta isa ragar abokan karawa. A ƙungiyar Kano Pillars, wadda ake yi wa laƙabi da Sai Masu Gida, wannan batu ya daɗe yana jawo muhawara: shin masu horarwa suna cin moriyar 'yan wasan da suke da su yadda ya kamata, ko kuwa gwanintar 'yan wasan ce take rufa wa tsarin asiri? Ana yin wannan gardama a filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, da shirye-shiryen wasanni na gidajen rediyon Kano, da gidajen kallon ƙwallo da majalisun matasa, tun daga cikin birni har garin Wudil da ƙauyukan da ke kewaye da shi kamar Dagumawa.

Ƙungiyar a taƙaice

An kafa Kano Pillars a shekarar 1990 bayan haɗe ƙungiyoyi uku, wato WRECA da Kano Golden Stars da Bank of the North. Mallakar gwamnatin jihar Kano ce. Ta lashe gasar Firimiya ta Najeriya sau huɗu: a 2008 ƙarƙashin Kadiri Ikhana, a 2012 da 2013 ƙarƙashin Mohammed Baba Ganaru, sai 2014 ƙarƙashin Okey Emordi. Ta ɗauki kofin ƙalubale na ƙasa a 2019. A 2022 ta faɗa rukuni na ƙasa, ta kuma dawo babbar gasa a shekarar da ta biyo baya.

Yadda ake jera 'yan wasa

Ana bayyana tsarin ƙungiya da lambobi, daga baya zuwa gaba, ba tare da an lissafa mai tsaron raga ba. Idan aka ce 4-4-2, ana nufin masu tsaron baya huɗu, 'yan tsakiya huɗu, da 'yan gaba biyu. A 4-3-3 kuwa mutum uku ne a gaba: lamba tara a tsakiya, da 'yan gefe biyu, dama da hagu. A 4-2-3-1 lamba tara shi kaɗai yake tsayawa a gaba, lamba goma yana bayansa yana miƙa masa ƙwallo. A 3-5-2 ana rage mai tsaron baya ɗaya a ƙara a tsakiya, sai mutum biyun da ke gefe su riƙa hawa da sauka, su kai hari su kuma dawo tsaro.

Lambobin nan ba su faɗin komai a kan wanda ya dace da wane gurbi. Ɗan wasa mai gudu yana buƙatar fili a gabansa. Idan aka cusa shi tsakanin ƙarti biyu ya juya wa raga baya, an kashe masa makaminsa. Dogo mai iya sa kai yana buƙatar masu bugo masa ƙwallo daga gefe. Mai basirar raba ƙwallo yana buƙatar wanda zai yi masa aikin ƙwato ta. Saboda haka tambayar da masana ke yi ba ita ce wane tsari koci ya zaɓa ba, a'a, wa ya sa a ina, kuma wa yake ciyar da shi.

Tarihin ƙwallon Turai ya nuna tasirin wannan. Thierry Henry ɗan gefe ne lokacin da ya je Arsenal a 1999. Arsène Wenger ya mayar da shi tsakiya, ya ci wa ƙungiyar ƙwallo 228, fiye da kowa a tarihinta. Victor Moses ya yi shekaru Chelsea tana tura shi aro, sai Antonio Conte ya ba shi gefen dama gaba ɗaya a kakar 2016/17, suka lashe gasar Firimiya ta Ingila da shi.

Ahmed Musa: gefe ko tsakiya

Babu ɗan wasan da wannan muhawara ta fi fitowa fili a kansa kamar Ahmed Musa. A kakar 2009/10, tun bai cika shekara 18 ba, ya ci wa Pillars ƙwallo 18, ya karya tarihin ƙwallo 17 da Ishaya Jatau ya kafa a 1990. Pillars ta ƙare ta biyu a bayan Enyimba. Daga nan ya tafi VVV-Venlo ta ƙasar Holan, sannan CSKA Moscow ta Rasha a 2012, inda ya buga gefe ya kuma buga tsakiya, ya ci ƙwallaye da yawa. A 2016 Leicester City ta saye shi, amma a can Jamie Vardy ne mai gurbin gaba, kuma salonsu iri ɗaya ne: gudu zuwa bayan masu tsaron baya. Musa ya fi zama a benci ko a gefe, ya ci ƙwallo biyu kacal a gasar Firimiya, aka mayar da shi CSKA aro a farkon 2018. Ɗan wasan bai canza ba; wurin da aka ajiye shi ne ya canza.

Gasar cin kofin duniya ta 2018 a Rasha ta ba da misalin da aka fi kafa hujja da shi. A wasan farko da Kuroshiya, ranar 16 ga Yuni, kocin Super Eagles Gernot Rohr ya jera 4-2-3-1: Odion Ighalo shi kaɗai a gaba, John Obi Mikel a lamba goma, Musa a benci sai bayan hutun rabin lokaci aka sako shi. An ci Najeriya 2-0. A wasa na biyu da Iceland, ranar 22 ga Yuni a Volgograd, Rohr ya koma 3-5-2. Ya ja Mikel baya, inda ya saba bugawa a Chelsea, ya ba Moses gefen dama, ya haɗa Musa da Kelechi Iheanacho a gaba. Musa ya ci biyu, Najeriya ta yi nasara 2-0. Ta farko Moses ne ya bugo masa ita daga dama a wani harin ramuwa. Ta biyu doguwar ƙwallo ce aka jefa masa ta hagu, ya tsere wa mai tsaron baya, ya yanke gola, ya zura.

Masu cewa tun farko an yi kuskuren ajiye shi suna da hujja a nan. Sai dai akwai abin da ake yawan mantawa: a zagayen farko na wannan wasa, da wannan tsari da waɗannan 'yan wasa, Najeriya ba ta kai ko bugu ɗaya raga ba. Sai da aka dawo hutu, aka ƙara sauri, fili ya buɗe a bayan 'yan Iceland, sannan gudun Musa ya yi amfani. Tsarin ya ba shi gurbi, amma yanayin wasan ne ya ba shi fili.

Musa ya dawo Pillars na ɗan lokaci a Afrilun 2021, ya sake dawowa a Oktoban 2024, inda ya ci ƙwallo biyu a wasansa na farko da Sunshine Stars. Ɗan wasan da ya haura shekara 30 ba ya gudun da yake yi yana ɗan 17, don haka tambayar ta sauya: a bar shi a gefe, ko a matso da shi kusa da raga inda ƙwarewa ta fi ƙafa amfani?

Rabi'u Ali da dogaro da mutum ɗaya

Fiye da shekara goma, harin Pillars ya fi ratsawa ta ƙafar Rabi'u Ali, wanda ake kira Pele. Ɗan tsakiya ne mai kai hari, shi ke raba ƙwallo, shi ke yawan buga bugun tazara da fenareti, kuma yana cin ƙwallo kamar ɗan gaba. Yana cikin tawagar 'yan wasan gida ta Najeriya da ta zo ta uku a gasar CHAN ta 2014 a Afirka ta Kudu, da wadda ta kai wasan ƙarshe a 2018 a Maroko. 'Yan gaba da dama sun amfana da shi: Gambo Mohammed a shekarun kofuna uku a jere, da Junior Lokosa wanda ya ci ƙwallo 19 a kakar 2018, kakar da aka tsayar bayan wasa 24, kafin ya koma Espérance ta Tunisiya.

Ra'ayi ya rabu biyu a kansa. Wasu na ganin duk kocin da ya samu irin wannan ɗan wasa, hankali shi ne ya gina ƙungiya a kansa, ya ba shi 'yan tsakiya biyu masu ƙarfi su ɗauke masa wahalar tsaro. Wasu kuma na ganin wannan ne ya sa ake saurin gane lagon Pillars: a sa mutum ɗaya ya manne wa lamba goma, shi ke nan an datse hanyar ƙwallo zuwa gaba. Duka biyun suna da gaskiya. Laifin ba na dogaro da gwani ba ne. Inda ake iya tuhumar mai horarwa shi ne idan ba shi da hanya ta biyu ranar da aka rufe ta farko.

Masu rage wa masu horarwa daraja kuma suna nuni da cewa Pillars ta ci kofi uku a jere duk da an canza koci a tsakani, alhali ginshiƙan ƙungiyar suna nan. Ana iya juya wannan hujja: kocin da ya zo ya tarar da abu yana tafiya ya bar shi yadda yake, shi ma ya yi aiki, domin ba kowa ke iya wannan haƙuri ba.

Gida da waje

Pillars ta yi kusan shekara 12 ba a doke ta a gida ba a gasar Firimiya, har sai da Nasarawa United ta ci ta 2-1 a Kano a watan Agustan 2015. Amma a gasar zakarun Afirka, raunin harinta a waje ya sha fitowa. A 2013 ta ci AC Léopards ta Kongo 4-1 a Kano, aka ci ta 3-0 a can, ta fita saboda ƙwallon da aka zura mata a gida. A 2015 Moghreb Tétouan ta Maroko ta ci ta 4-0, nasarar 2-1 da ta samu a Kano ba ta wadatar ba. A 2019 ta ci Asante Kotoko 3-2 a Kano, aka ci ta 2-0 a Kumasi. A wasannin waje ukun nan ba ta ci ko ƙwallo ɗaya ba, kuma da ta ci ɗaya tak a Kongo da ta wuce.

Shekarar 2009 ce ta bambanta. Ƙarƙashin Ivo Šajh ɗan ƙasar Sulobeniya, Pillars ta yi 1-1 da Al Ahly ta Masar, mai riƙe da kofin a lokacin, sannan ta je Alƙahira ta yi 2-2, ta fitar da ita da ƙwallayen waje. Ta kai wasan kusa da na ƙarshe, inda Heartland ta Owerri ta fitar da ita da ci 5-0 gida da waje. Magoya baya na yawan kawo wasan Alƙahira a matsayin shaidar cewa 'yan wasan gida suna iya cin ƙwallo a ko'ina idan ba a umarce su da su koma baya su tare gida ba.

Ba duk abin da ke faruwa a waje ne yake hannun koci ba. Ƙungiyoyin Najeriya sun fi tafiya ta mota, wani lokaci yini guda cur, kuma hanyar ba ta rasa haɗari: a watan Maris na 2015 'yan fashi sun buɗe wa motar Pillars wuta a kan hanyarta ta zuwa Owerri, suka raunata 'yan wasa biyar, ciki har da Gambo Mohammed. Filaye sun bambanta. Wanda ya saba da gajeren fas a fili mai laushi, idan ya je fili mai tudu da kwari dole ya koma doguwar ƙwallo. Ga kuma ficewar gwanaye zuwa ƙetare da zarar sun haska, da yawan sauya masu horarwa, alhali fahimtar juna tsakanin mai bayarwa da mai ci aba ce da ke ɗaukar watanni.

Wasannin ƙarshe biyu

A wasan ƙarshe na kofin ƙalubale na 2018 a Asaba, Pillars ta sha gaban Enugu Rangers da ci 3-0. Rangers ta farke duka ukun, ta kuma ɗauki kofin a bugun fenareti da ci 4-2. Bayan shekara ɗaya, a filin wasa na Ahmadu Bello da ke Kaduna, Pillars ta tashi babu ci da Niger Tornadoes, ta lashe kofin a bugun fenareti da ci 4-3. Koci ɗaya ne a wasannin biyu, Ibrahim Musa, wanda aka fi sani da Jugunu. Ranar da harinsa ya ci uku ya rasa kofi, ranar da bai ci ko ɗaya ba ya ɗauka. Duk wanda zai auna aikin koci da sakamako kaɗai, waɗannan wasanni biyu za su rikita masa lissafi.

Yadda ake aunawa

Saboda haka masu nazarin ƙwallo ba su tsayawa kan yawan ƙwallaye. Suna duban yawan damar da ƙungiya ta samar, da wurin da ake buga ƙwallon: bugu goma daga nesa bai kai uku daga cikin da'irar gola ba. Suna duban ko mutum ɗaya ne ke cin yawancin ƙwallayen ko sun rarrabu, da nawa ne suka zo ta fenareti da bugun kusurwa, nawa kuma ta wasan da aka tsara. Suna duban sau nawa lamba tara ya taɓa ƙwallo kusa da raga, domin ɗan gaban da ba a kai masa ƙwallo ba, ba za a ce ya gaza ba. Suna kuma duban canjin da koci ya yi bayan hutu, ko ya gyara wani abu. A manyan gasannin Turai akwai ma'aunin da ke ƙiyasta yiwuwar kowane bugu ya zama ƙwallo bisa dubban bugun da suka gabata; fenareti, alal misali, kusan uku cikin huɗu ne ke shiga. Da shi ake rarrabe ƙungiyar da tsarinta bai samar da dama ba, da wadda ta samar 'yan wasa suka ɓarar.

A gasar Najeriya irin waɗannan alƙaluma ba su yawaita ba, kuma ba kowane wasa ake nunawa a talabijin ba, musamman na waje. Yawancin magoya baya suna ganin Pillars ne a Kano, inda take da ƙarfi, su ji sakamakon waje a rediyo ko a waya, don haka hukuncinsu a kan koci yakan ginu ne a kan rabin abin da ya faru. A watan Yulin 2025 gwamnatin jihar Kano ta naɗa Ahmed Musa babban manajan ƙungiyar, wanda hakan ya sa ɗan wasan da aka fi yin gardama a kan gurbinsa ya shiga cikin masu yanke shawara kan ɗaukar 'yan wasa da masu horar da su.