Ko Kun Sani? Maganaɗisu Na Fito Da Hasken Da Ya Maƙale

Tsakanin igiyoyin maikurowef da hasken infared akwai wani haske da ido ba ya gani, ana kiransa terahaz. Igiyarsa tana kaɗawa kimanin sau tiriliyan ɗaya a sakan guda, tsawonta kuwa kimanin milimita 0.3 ne kacal. Yana ratsa takarda da tufafi da roba, ruwa na shanye shi, kuma ba ya lahanta ƙwayoyin jiki kamar yadda hoton eksire ke iya yi.

Samar da shi ne aiki. Ana harba wa semikondakta, irin sinadarin da ake ƙera transista da shi, walƙiyar leza wadda ba ta kai kashi ɗaya cikin tiriliyan na sakan ba. Elektron ɗin da ke fuskar sinadarin sai su zabura, wannan zaburar ce ke haifar da hasken. Sai dai suna tafiya ne a tsaye, ciki ko waje, don haka yawancin hasken yakan maƙale a cikin sinadarin.

A nan maganaɗisu ke shigowa, kuma abin na da ban sha'awa ƙwarai. Ƙarfinsa yana karkatar da tafiyar elektron zuwa gefe, sai hasken ya samu kusurwar fita, ya ninka sau da yawa. Xi-Cheng Zhang da abokan aikinsa sun nuna hakan a Amurka a 1993. A 1998 Nobuhiko Sarukura a Japan ya samu haske mai ƙarfi daga semikondakta mai suna indiyam asenayid cikin maganaɗisu mai ƙarfin tesla 1.7.